Ƙarfen da Muktari Ya Binne a Gidan Alhaji Yunusu

Shekarar da darajar kuɗin sefa ta karye aka fito wa masu ɗaura wayar lantarki a garin Tawa da sabuwar doka: duk gidan da ba a kafa wa ƙarfen ƙasa ba, ba za a ba shi wuta ba. Ƙarfe ne dogo da ake binnewa a ɗaura masa waya, don in wuta ta ƙwace ta bi ƙasa maimakon jikin mutum. Tsofaffin ma'aikata suka yi ta guna-guni, wai dimokuraɗiyya ta zo har da yi wa ƙasa allura. Muktari bai yi ba. Saurayi ne mai son aikinsa, kuma gidan farko da dokar ta same shi a ciki shi ne na Alhaji Yunusu mai albasa, mahaifin Haula.

Haula kuwa ita ce numfashinsa. Bai daɗe da fara samun kanta ba. Da, in ya gaishe ta sai ta kalli bango, yanzu ita take kawo masa ruwa yana bisa tsani, ta tsaya tana yi masa tsiya wai ya fi kama da jemage. Alhaji ya sayo firigo don ta riƙa sayar da ƙanƙara, saboda haka hannunta ne zai fi kowa taɓa wutar gidan. Wannan ya sa Muktari ya ƙudurta zai yi ramin da babu irinsa a garin.

Ƙasar Adar, yankin da Tawa take, tsauri gare ta, ga bushewa, ƙarfe ba ya aiki a cikinta sai an taimaka masa. Ya zagaya gidan yana neman danshi, bai samu ba sai bayan ɗakin Haula, inda ruwan wanka yake gangarowa. Nan ya haƙa da tsakar rana, gida ya yi tsit. Ya kafa ƙarfen, ya zuba gawayi, ya barbaɗa gishiri, ya kwarara ruwa, bakinsa yana motsi da bisimilla. Bai san Gwaggo Lalla, yayar Alhaji da ta zo daga Bambeye, tana leƙensa ta ramin zana ba.

Washegari Haula ba ta kawo ruwa ba. Matan gidan suka amsa gaisuwarsa da hanci. Da hantsi Alhaji ya kira shi zaure, Gwaggo Lalla na zaune gefe da carbi.

"Muktari, mi kab bizne min cikin gida?"

"Ƙarfen ƙasa ne, Baba Alhaji. Doka ce sabuwa, in babu shi mai dubawa ba zai sa hannu ba."

"Gwamnatin da ta kasa biyan malaman makarantar lakkol," in ji Gwaggo Lalla, "ita ce ta samu sukunin cewa a zuba gishiri bayan ɗakin budurwa?"

"Gishirin dabarar aiki ce, Gwaggo, yana riƙe danshi."

"Ni ma na san yana riƙewa. Na ga wadda aka riƙe da shi a garinmu, har ta mutu ba ta san hanyar gidan ubanta ba. Duk faɗin gidan ga, babu inda ya yi maka sai inda ruwan jikinta ke bi?"

Kowace amsa da Muktari ya ɗauko gaskiya ce, kuma kowace in ya juya ta sai ya ji ta yi kama da ta mai laifi. Ya ce a kira Garba, tsohon ma'aikacin da ya koya masa aiki, a tambaye shi. Alhaji ya ce an riga an tambaya, Garba ya ce shi shekara da shekaru yana ɗaura waya bai taɓa yi wa ƙasa miya ba.

"Ban ce ka yi ba, ɗana," in ji Alhaji a hankali. "Amma diyata da ba ta kallon kowa, yanzu ko an ambaci tsani sai ta yi murmushi. Tone shi mu gani."

Ya tone, mutanen gida sun yi masa zobe. Ƙarfe ya fito, gawayi ya fito baƙi ƙirin. Gwaggo Lalla ta sa sanda ta tona, ba laya, ba ƙaho, ba gashi.

"To ina gishirin?" ta ce.

"Ya narke, Gwaggo."

"Ya shiga ke nan."

Duk wannan bai dame shi kamar Haula ba. Tana tsaye bakin ƙofarta, mayafi ya rufe rabin fuskarta, tana yi masa kallon baƙon da ba a san abin da ke cikin jakarsa ba. Da ya saɓa ƙarfen zai fita, ta biyo shi zaure.

"Muktari, gaya mini tsakaninka da Allah. Yaushe na fara son ka?"

"Tun kafin ramin nan, Haula. Ke ma kin sani."

"A da na sani. Jiya Gwaggo ta tambaye ni ranar, na kasa tunawa."

Ya so ya ce shi ma bai san ranar da tasa ta fara ba, ya ji in ya faɗa zai zama wani gishirin. Sai ya ce, "Kada ki taɓa firigon nan da jiƙaƙƙen hannu, ko wa ya ƙarasa aikin."

Garba ne ya ƙarasa. Mai dubawa ya ƙi gidan, dole tsohon ya kafa ƙarfe kusa da turken awaki, ya zuba gawayi da gishirinsa da rana tsaka, babu wanda ya ko ɗaga kai, don shi ba ya neman kowa a gidan. Muktari ya ji labari a rumfarsa ta kasuwa, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya rame. Ko waya ya ɗauka sai ya tsinci kansa yana tambayar zuciyarsa ko da gaske danshi kaɗai ya kai shi bayan ɗakin nan.

Ran kasuwar Lahadi sai ga Haula da kular ƙanƙara a ka. Ta tsaya bakin rumfar, ba ta shiga inuwa ba.

"Tun da aka cire ƙarfen nake jira in ji na daina son ka," ta ce. "Na sha rubutun Gwaggo, na yi hayaƙi. Ban daina ba."

Muktari ya ajiye wayar da ke hannunsa. "To kin gani."

"Na gani." Ta sauke kular, ta dubi ƙasan rumfar, ta bi kowane lungu da ido, har ƙarƙashin bencin da yake zaune. "Sai dai in akwai wani da ka binne a inda ban sani ba."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba, amma ba ta tafi ba. Ta zauna a ƙarshen bencin, ta ɗage ƙafafunta daga ƙasa.