Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Ba

Ranar da Ibukun ta fara koyon aiki a wani ofishin kula da jin daɗin jama'a a Argungu, shugabarta Hajiya Asiya ba ta yi mata kwana-kwana ba. Duk wanda ya zauna a kujerar baƙi ya amayar da damuwarsa, maganar ta mutu a ɗakin. In kalma ɗaya ta fita, Ibukun ta tattara nata ya nata, karatun da ta sha wuya a kai ya bi ruwa.

Abu mai sauƙi, in ba don Allah ya haɗa ta da uwa irin Maman Wale ba. Matar nan tana sayar da atamfa a kasuwar Birnin Kebbi tun kafin a haifi Ibukun, kuma labari bai isa ya wuce ta gaban shagonta bai tsaya ya gaishe ta ba. Ana nan sai ga Ma'u, aminiyar uwar mai kawo mata shinkafa, ta zo ofishin ta sha kukanta, wani direba kuma ya gan ta tana fita. Kafin Ibukun ta iso gidansu a unguwar Gesse ranar Juma'a, labari ya riga ta.

"Mi yak kai Ma'u ohishinku?" in ji uwar, ko ruwa ba ta bari ta sha ba.

"Mama, ba ni iya hwaɗi."

"Ke nan ta zo."

"Ban ce ta zo ba, ban ce ba ta zo ba."

"To ke mi kinka ce? Ni nih haihe ki hwa!"

Daga nan Ibukun ta shiga uku. Yau a dafa mata amala da miyar da take so, gobe a daina amsa gaisuwarta, jibi a ce ai boko ne ya raba ta da tarbiyya. Har ta kai uwar ta ce, "In mijin Ma'u na, yi tari kawai." Ibukun kuwa, ga mura tana damunta, ta riƙe tari har idonta ya kawo ruwa. Takaici ya cika ta, har babanta da ke zaune a baranda ya tambaye ta yaushe ta iso, ya sake tambaya, ta amsa masa a fusace ba ta ko dube shi ba.

Wata Litinin da hantsi, ta ɗaga kai a ofis sai ga Maman Wale tsaye da jaka a hammata. Ran Ibukun ya ɓaci ƙwarai. Har Argungu? A gaban Hajiya Asiya?

"Mama, don Allah ki rufa min asiri. Ko yanka ni za ki yi, ba ki jin zancen Ma'u ga bakina."

Uwar ta wuce ta zauna a kujerar baƙi, ta ɗora jakar a cinya.

"Na lallashe ki, na zage ki, ba ki hwaɗi ba," in ji ta a hankali. "To na yarda da ke. Babanki na. Shekaranjiya bakin tasha anka tsince shi, bai san hanyag gida ba. Ya daɗe shina hakanga, ni ɗai nis sani. Kasuwa ba ta ji ba, yayanki Wale ma bai ji ba."

An koya wa Ibukun ta ce "ina saurarenki" a irin wannan lokaci. Maimakon haka sai ta tashi ta rufe ƙofa, ta jawo kujerarta kusa da ta uwar.