Kwaɗon Mangazar Mata

Ruwan shuka ya sauka da asuba, kuma a ranar ce kwaɗon mangazar mata, ɗakin ajiyar irinsu, ya ga damar ƙin buɗewa.

Barira ce ke riƙe da lakile, mabuɗi ɗaya tal, tun da matan wannan ƙauye na kusa da Korgom suka haɗa irin gero da wake suka kulle. Ta zura shi, ya shiga rabi ya cije. Bayanta mata sun yi layi da ƙorai, mazansu na jira a gona, ƙasa kuwa ba ta jiran kowa.

Sai ga Ɗahiru, yayan mijinta, da gatari a kafaɗa. Shekara biyu yana bin mai gari da maganar cewa lakile ba kayan mace ba ne, yau kuwa bakinsa har kunne.

"Kauce, Barira. Kwaɗon ga ya mutu. Ni da kaina na zuba mishi man gyaɗa har sau biyu, bai motsa ba. A hwasa ƙohwar, a ba namiji riƙo. Wa ya san ma abin da ya rage a ciki?"

Maganar ta ƙona mata rai. Ta san idan gatari ya taɓa ƙofar nan, lakile ya bar hannunta ke nan, sunanta kuma ya bi shi.

"Yaya, sai dai ka hwara sara ta kaina," in ji ta, ta jingina bayanta da ƙofa.

Mai gari, wanda hayaniya ta jawo wurin, ya dubi sama, ya ce ya ba ta lokaci kafin rana ta taka kan bishiyar gawo.

Ta durƙusa ta leƙa. Kiyashi ne ke shiga ramin kwaɗon suna fita, mai da rairayi sun cakuɗe a ciki kamar tuwon jiya. Ta kira Harisu mai kabu-kabu, ya tsiyayo mata isansi, wato fetur, daga babur ɗinsa a murfin kwalba. Ta ɗura, ta girgiza, baƙin ruwa ya zubo. Ta sake, har sau huɗu. Sannan ta zaro kiriyon, fensirin da take zuwa ajin yaƙi da jahilci da shi daga ɗankwalinta, ta goga bakinsa a haƙoran lakile har suka yi baƙi. Haka ta ga babanta yana yi wa kwaɗon shagonsa a Tasawa.

"Yanzu kuma rubutu za a yi ma kwaɗo?" in ji Ɗahiru. Maza biyu suka yi dariya.

Ba ta ko ɗago ba. Ta zura, ta fitar, ta zura, ta murɗa a hankali. Ƙas! Kwaɗo ya saki.

Buhuna na nan jere har rufi, ɗinkinsu bai motsa ba. Guɗa ta tashi, mata suka danno da ƙorai. Barira ta ɗaga hannu ta tsayar da su. Ta ɗaure lakile a bakin zanenta, ƙulli biyu, ta juya ta dubi Ɗahiru a gaban mai gari.

"Yaya, ka ce ka zuba mai sau biyu bai buɗe ba. Lakile ɗaya ne, kuma bai taɓa kwana wajen ɗakina ba. Da wane lakile ka gwada?"