Ƙwallo Bakwai da Sunan Aro

Alƙawarin da ka yi wa mutum, in ya mutu, ya ƙare ke nan ko yana nan a wuyanka? Na tambayi malamai biyu, kowa ya ba ni amsa daban. Har yau ban sani ba, ga shi kuwa da hannuna a cikin maganar.

Sunana Yuguda. Ɗinkin ƙwallo da takalman 'yan wasa nake yi a wata rumfa kusa da tsohon filin wasa na Gombe. A aji huɗu na firamare na tsaya, sauran karatun a jikin tsofaffin jaridun da ake naɗo mini takalma na koye shi. Shekara talatin ina jan zare, 'yan wasa suna zaune a bencina suna ba da labarin wanda ya ci da wanda aka cuta. Shekarar da bam ya tashi a tasha, biyu daga cikin masu zaman bencin ba su ƙara dawowa ba. Sai na sayi littattafan rubutu na fara haɗa tarihin wasanni a garinmu. Na kafa wa kaina ƙa'ida biyu. Ba na rubuta abu sai mutum biyu sun shaida. Kuma ba na kai babi wurin masu bugawa sai na karanta wa mai labarin a gabansa.

Babi na shida a kan 'yan matan wata sakandare ne da suka ci kofin ƙwallon hannu a 1985, lokacin muna cikin jihar Bauchi. Ina da guntun jaridar da ya ce wata Jane ta jefa ƙwallo bakwai a wasan ƙarshe. Na yi cigiya har na same ta a unguwar Manawashi, ta yi ritaya daga aikin jinya. Da na nuna mata jaridar sai ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Malam Yuguda, dube ni da kyau. Ni da ko lemo aka jefo mini sai ya faɗi ƙasa? A benci na yi wasan nan, ina tsaron takalma."

"To wa ya ci bakwai ɗin, Madam?"

Ta nuna ɗakin baya da baki. Ta ce Fanta ce, ƙawarta ta makaranta. Mahaifin Fanta Bafulatani ne mai sayar da shanu, rediyo ba ya barin kafaɗarsa, kuma gidan rediyo na karanta sunayen 'yan wasa. Don kada ya ji, sai Fanta ta riƙa shiga fili da sunan Jane. Aure ya kai ta kudancin Borno, suka rabu shekaru da yawa. Wata takwas da suka wuce aka ƙone garinsu, ta iso Gombe da jaka ɗaya, Jane ta ba ta ɗaki.

"Lambar yabon tana akwatina," in ji Jane. "Shekara talatin ana gaishe ni da aikin da ban yi ba. Na gaji. Ka gyara shi a littafinka."

Fanta ta fito da hijabi, doguwa, tana riƙe da Alƙur'ani, don ita ke koya wa matan unguwar karatu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce a'a.

"Malama, ko tsoron mutanen nan ne? Zan iya..."

"Waɗanda suka ƙone mini gida me ya rage su yi mini? Ba su ba ne. Baffana, mahaifina, ya rasu bai san na yi masa ƙarya ba. Shekara uku ina ce masa karatun yamma ke tsare ni. Yanzu kuma in buga a littafi, duniya ta karanta yadda na mai da shi wawa? Bar wa Jane kayanta."

"Kayana a ina?" in ji Jane. "Kaya dai kika ɗora mini, 'yar Fillo."

"Ai kin yi ƙiba da su."

Suka yi dariya, amma Fanta ba ta canja magana ba.

Jane ta rako ni bakin titi in hau keke. A nan ta ce akwai abin da za ta faɗa mini, amma ba na littafi ba ne. Ranar wasan ƙarshe, ana hutun rabin lokaci, wani dattijo ya kira ta ta bayan wayar da ta kewaye filin. Yana sanye da malfa, da rediyo a rataye, ɗan yatsansa na hagu guntu ne. Ya ce, "Ke ce Jane?" Ta ce ita ce. Ya ce, "To waccan Jane ɗin ta cikin fili fa, mai tafiya irin ta uwarta?" Ya miƙo mata gorar kindirmo ya ce ta ba ta. Sannan ya sa ta yi alƙawari ba za ta taɓa faɗa ba. Ya ce in yarinyar ta san ya gani, dole ko ya hana ta ko ya yarda a gaban dangi, kuma ba ya iya ko ɗaya.

"Ki faɗa mata mana, Madam! Ai ya rasu."

"Bai ce sai ya rasu ba. Cewa ya yi kada in taɓa. Da sunan Allah na yi masa."

Na je wurin Baba Elias, wanda ke zana layin filin da farar ƙasa a wancan zamani. Ban ba shi labarin komai ba, na dai tambaye shi 'yan kallo. Ya ce yana tune da wani Bafulatani mai guntun yatsa da yakan tsaya gindin dalbejiya, kuma ba ranar ƙarshe kawai ba, duk wasan 'yan matan sai ya zo, ya tafi kafin a tashi. Shaida biyu ta cika.

Mako biyu ina juya abin a raina. Ni ban yi wa dattijon alƙawari ba, amma ta bakin wadda ta yi na ji. In na yi shiru, mace za ta ci gaba da ɗaukar laifin yaudarar mutumin da bai yaudaru ba. In na yi magana, na karya wa Jane rantsuwa da bakina. Ranar da zan koma Manawashi, a shingen sojoji aka sa na sauke buhuna, na sace iskar ƙwallaye huɗu ɗaya bayan ɗaya don su tabbata ba komai a ciki. Ina tsugune ina matsa su, sai na ga abin da zan yi. Littafin tarihi ai yana faɗin 'yan kallo. Zan rubuta abin da Baba Elias ya gani kawai, ba suna, ba kindirmo.

Bayan la'asar muka zauna a tsakar gida. Na fara karantawa kamar yadda Fanta ta so: Jane ta karɓa, Jane ta yi tsalle, Jane ta jefa. Fanta na tsince wake a faranti. A ƙwallo ta huɗu ta ce, ba ta ɗago ba, "Da hagu ne, ba dama ba." Na gyara. Sai na zo kan 'yan kallo. Na karanta cewa akwai ɗalibai da masu rake, da wani dattijo mai malfa da rediyo, mai guntun yatsa a hannun hagu, wanda bai taɓa fashin wasan 'yan matan ba, yakan tsaya gindin dalbejiya ya tafi kafin a tashi.

Hannun Fanta ya tsaya a cikin waken. Jane ta harare ni irin hararar da ban taɓa gani ba.

"Wa ya gaya maka wannan?" in ji Fanta.

"Baba Elias mai zana fili, Malama."

Fanta ta juya wurin ƙawarta.

"Jane. Kindirmon da kika ba ni ranar nan, kika ce wata mai talla ce. Gorar tana da ɗinki a wuya. Na ce a raina ta yi kama da tamu. Wa ya ba ki?"

Jane ta haɗe baki, hawaye na zubo mata. "Na yi alƙawari, Fanta."

"Shi ke nan. Riƙe abinki."

Fanta ta rufe fuska da hijabi. Na ɗauka kuka take yi, kuma kukan ne, amma da ta buɗe sai ga dariya a ciki.

"Kullum in na dawo sai ya ce, 'Karatun yamman nan yana sa ki gumi, Fanta.' Ni kuwa in ce ajin ne ba iska. Ashe tsohon nan ni ya mai da wawuya!"

"Kai kuma Malam," in ji Jane tana share ido, "Allah ya isa tsakanina da kai. Amma kaɗan."

Na karɓi kaɗan ɗin, don ina ganin na cancanta. Har yanzu ban san ko hanya na samu ko zagaye na yi wa amana ba.

Fanta ta ajiye farantin, ta goge hannu a zane.

"Kawo littafin. Da biron."

Na miƙa mata. Ta ɗora shi a gwiwa, ta nemo layin farko, ta ja wa sunan Jane layi, ta rubuta nata a sama, ta haɗa da na mahaifinta. Sannan ta sa yatsa tana bin shafin a hankali, tana neman sauran shidan.