Hanyar Gonar Malam Bappa

Fasto Mijinyawa ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Shekara da shekaru yana kan babur tsakanin Karaye da ƙauyukan Rogo, yau jana'iza, gobe sulhun miji da mata, har gwiwoyinsa suka ce su kam sun yi iya nasu. A kakar nan ya ƙudura zai ajiye aiki ya koma gida Kurugu ya huta. Matarsa Laure har ta fara ɗaure tukwane.

Wanda zai gaje shi a 'yar majami'ar da ke bayan garin Fulatan shi ne mataimakinsa, Halliru. Kai, mutumin nan akwai baki. In ya tashi wa'azi, tsofaffin da suka saba gyangyaɗi ma ido biyu ake tashi da su.

To, majami'ar ba ta da hanya sai wadda ta ratsa gonar gyaɗar Malam Bappa, wani dattijo Musulmi da ya bar musu ita albarkacin maƙwabtaka. Ranar da Allah ya yi masa rasuwa, Fasto yana kwance da ciwon ƙafa. Halliru ya taho a guje, lasifikar taron matasa ɗaure a bayan babur, ya iske maza jere a kan tabarmi ana zaman makoki. Kowa a yankin ya san abin yi: ka kashe inji, ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Shi kuwa gogan naka sai ya danna ham, ya ɗaga hannu, ya wuce abinsa.

Ranar Lahadi aka tarar an datse hanyar da ƙaya.

"Baba, sauri nake yi," in ji Halliru. "Aikin Ubangiji ne ke jirana."

"Su mutanen da ka wuce fa, aikin wa ne?"

Laure tana tankaɗe a gefe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai ma da naka, Malam. Duk gaisuwar da kake zuwa a ƙasar nan, ka taɓa cewa ya raka ka?"

Maganar ta yi masa ciwo, don gaskiya ce.

Da ƙafa suka je gidan makokin su biyu, Fasto yana ɗingishi. A gaban Ɗantala, babban ɗan marigayin, tsohon ya durƙusa, gwiwoyin suna ƙara kowa na ji. Ya yi gaisuwa, ya tambayi haƙurin iyali ɗaya bayan ɗaya. Halliru ma ya durƙusa ya ba da haƙuri, kuma har zuciyarsa ya yi, kunya ta cika shi. Ɗantala bai ko dube shi ba.

Da aka zo tashi, ƙafar Fasto ta ƙi. Ɗantala da kansa ya kama shi ya miƙar.

"Haba Baba Fasto, ai ka wuce haka a wurinmu. Yau za a kwashe ƙayar. Muddin kai ne a wurin nan, hanya taku ce." Sai a sannan ya kalli Halliru. "Muddin kai ne."

Fasto ya yi godiya, amma ya gane hutun nasa ba bana ba.

Da ya shiga gida Laure ta dubi fuskarsa. Ta jawo ƙullin tukwanen ta fara kwancewa.