Ɗinkin Ƙwallon Harlan

Mijina Harlan Voskuil ya yi shekara goma sha ɗaya yana wasa a babbar gasar ƙwallon zari-ruga irin ta ƙasar nan, amma har yau in muka je coci akwai masu tambayarsa ko shi ne mai shagon taya na bakin gada. Ban ga laifinsu ba. Aikinsa shi ne ya duƙa ya buɗe ƙafafu, ya leƙa duniya a kife, ya cillo ƙwallo ta tsakanin cinyoyinsa zuwa hannun wani da ke durƙushe yadi takwas a bayansa. Wannan ya kafa ta a ƙasa, na uku ya buga ta tsakanin sanduna. Shi ke nan aikin. Ba mai kiran sunansa a talabijin sai ranar da ya yi kuskure, shi ya sa ƙasar nan ba ta san shi ba.

Wahalar duk tana wajen ɗinki. Farin ɗinkin nan da ke jikin ƙwallo dole ne ya iso yana kallon sanduna, domin in mai bugu ya sa ƙafa a kansa, ƙwallon sai ta nufi inda ta ga dama. Ta Harlan tana juyawa sau uku da rabi a iska ta sauka daidai, ko da daga barci aka tashe shi. Na sani saboda ni ce nake durƙusa masa a bayan gida tun muna jami'a a Iowa, har gwiwata ta dama ta yi kanta. Wasu matan ana kawo musu furanni, ni ƙwallo ake jefo mini.

A bana ƙungiyar ta kawo mutum biyu sansanin horo na watan Agusta. Ɗaya Lachlan ne, dogo daga Ostireliya, shi ne sabon mai riƙon ƙwallo. Ɗayan kuwa Emmett, wanda ya gama jami'a bara, kuma aikinsa irin na Harlan ne sak. Gurbi ɗaya ne. A ƙarshen wata, tsakanin shi da Harlan, ɗaya zai zauna, ɗaya ya kwashe kayansa. Mu kuwa yaranmu biyu a garin nan aka haife su, ba su san wani gida ba.

Da farko ban damu ba, don an sha kawo masa irin su Emmett suna tafiya. Sai ga shi a wasan gwaji na farko ɗinkin ya iso yana kallon gefe. Lachlan ya murɗa ƙwallon da sauri, mai bugu ya ɗan yi jinkiri, ta wuce ta hagun sanda. Sau biyu ana haka. Ina zaune a cikin 'yan kallo na ji wani mai tumbi a bayana yana tambayar wane ne mai lamba arba'in da shida, wato Harlan, ya ce a kore shi. Daga baya na ji shi yana karanta sunanmu a waya, bai ma iya faɗinsa daidai ba.

Ranar hutunsa Harlan ya dawo gida, muka fita bayan gida kamar kullum. Talatin ya cillo mini, talatin ɗinki na kallon katangar da muka mayar sanduna. Na miƙe ina karkaɗe ciyawa na ce, "To ina matsalar?"

"Yadda nake kama ƙwallon ne," in ji shi. "Koci Brubaker ya ce in gyara kamu."

"Kamun da ka yi shekara ashirin da shi?"

Ya ɗaga kafaɗa ya shige ciki. Harlan ke nan. In kana neman magana a bakinsa, gara ka je ka zauna da firiji.

Da rana ina ɓare masara a kicin, yana zaune a teburi yana kallon bidiyon atisaye, ina leƙawa ta kafaɗarsa. A cilli na huɗu na ajiye masarar.

"Mayar da shi baya."

"Marcy, bar shi."

"Na ce ka mayar."

Ya mayar. Ga abin a fili, ko makaho ya shafa zai ji. Mai riƙo ajiye hannunsa yake yi wuri ɗaya, ƙwallo ta zo ta same shi. Shi kuwa Lachlan miƙa hannu yake yi gaba ya tarbo ta, kamar yadda suke cafke ƙwallo a irin wasansu na can. Taƙi ɗaya kawai yake ƙarawa, amma taƙin nan ya isa ya yanke wa ƙwallon rubu'in juyi, sai ɗinki ya tsaya a gefe.

Na ce, "Harlan Voskuil, kana gani kuwa? Dogon nan ne yake tarbo ta!"

"Na gani."

"Tun yaushe?"

"Kwana tara."

Na ja kujera na zauna. Kwana tara! Ni ina nan ba na iya cin abinci, ina duba makarantun wasu garuruwa a waya, shi ya san abin da ke faruwa ya kama bakinsa.

"Kuma ka gaya wa koci?"

"A'a."

"Shi Lachlan ɗin fa?"

"Marcy, a wajenmu ba a nuna mai riƙo da yatsa. In ƙwallo ta zo a karkace, mai cilli ne. Haka na tarar, haka zan bari."

"Wa ya rubuta wannan dokar? Nuna mini littafin."

"Ba a rubuce take ba."

"Ai dama! Ku uku ne fa kacal, sauran 'yan wasan ko teburi ɗaya ba sa zama da ku, amma kun kafa wa kanku dokoki kamar wata majalisa. Mutum yana neman raba ka da aikinka, kai kana kare masa mutunci. Shi ma ya san yana yi?"

"Bai sani ba."

"To ba sai a gaya masa ba?"

Ya kashe bidiyon, ya dube ni. "Ina roƙonki, kar ki ce wa kowa komai. Ki ba ni sati biyu. Koci ya san ni, zai jira ni."

Na ce to. Irin to ɗin nan da mace ke faɗa hannunta na kan wuƙa tana yanka albasa.

Wasan gwaji na biyu ya zo, ɗinki ya sake kallon gefe sau ɗaya. Emmett ya shiga bayan hutun rabin lokaci, nasa duka suka iso daidai. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bayan wasa na hango Harlan ya dafa kafaɗarsa yana yaba masa, har yana nuna masa yadda zai tsaya in filin ya jiƙe. Na ce a raina, ka ba shi makullin gidanmu ma mana.

Ranar Asabar aka yi ranar iyalai a filin atisaye. Aka gasa nama da masara, yara suna ta guje-guje da hulunan kwano da suka fi ƙarfin kawunansu. Lachlan ya zo ya gaishe ni da fara'arsa, kunnuwansa sun yi jajur da rana.

"Madam Voskuil! Mijinki mutumin kirki ne, wallahi. Kullum sai ya ba ni haƙuri a kan ƙwallon nan. Na ce masa haba aboki, kar ka damu, zan riƙa murɗa ta."

Haƙuri. Harlan ne yake ba shi haƙuri. Nan take na ji to ɗin da na yi alkawari da ita ta fice daga kaina.

Koci Brubaker yana tsaye shi kaɗai a gindin tanti da faranti a hannu. Tsoho ne mai kula da masu bugu, shekara shida yana tare da Harlan, har ya taɓa cin abincin Kirsimeti a gidanmu. Na je na tsaya a gabansa.

"Koci, minti ɗaya."

"Marcy! Yaya yaran?"

"Lafiya lau. Ka daina kallon hannun Harlan, ka kalli na Lachlan. Tarbo ƙwallon yake yi. Taƙi ɗaya. Duba bidiyon Talata, cilli na huɗu da na bakwai da na tara."

Ya daina tauna. "Harlan ne ya aiko ki?"

"Harlan? Ko wuta ta kama wandonsa ba zai ce uffan ba. Idona ne ya gani."

Ya jinjina kai a hankali, ya ce zai duba. Na koma wajen yara zuciyata wasai, har na ƙara masara ta biyu.

Kuma ya duba. Litinin aka zaunar da Lachlan aka nuna masa, aka sa ya yi kwana uku yana karɓar ƙwallo da gwiwar hannunsa manne a cinya. A wasan gwaji na ƙarshe Harlan ya cillo huɗu, huɗun duka ɗinki na kallon sanduna, huɗun duka suka shiga. Na yi ihu har muryata ta dushe. A mota na kasa haƙuri.

"Ka gani? Magana ɗaya fa. Da ka yi ta tun farko da ba mu sha wannan wahalar ba."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon hanya. Na ɗauka girman kai ne irin na maza, matarsa ta gyara masa abin da ya kasa, sai na ƙyale shi ya huce. Har waƙa na riƙa yi ƙasa-ƙasa don ya ji.

Talata da safe ita ce ranar da ake rage 'yan wasa. Muna karyawa wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce to, ya tashi ya ɗauko na'urar da suke kallon bidiyo da ita. Duk matar ɗan ƙwallo ta san abin da ake nufi in an ce koci na son ganinka, ka taho da kayan ƙungiya. Amma ni sai na ce masa wataƙila sabuwa za su ba shi. Da bakina na faɗi haka.

Wajen sha ɗaya ya dawo da baƙar ledar shara a kafaɗa, wadda ake zuba wa mutum kayan akwatinsa in an sallame shi. Takalmansa suna turo ta ta gefe. Ya ajiye ta a bakin ƙofar kicin.

Na ce, "Ba zai yiwu ba. Huɗu cikin huɗu! Me kuma suke so? Ba ni lambar Brubaker."

"Zauna, Marcy."

"Ba zan zauna ba! An gano laifin na Lachlan ne, an gyara, to me..."

"Da koci ya ga yana tarbo tawa, sai ya ɗauko bidiyon Emmett ya ajiye kusa da nawa." Ya yi maganar a hankali, kamar yana karanta wa yaro littafi. "Lachlan bai taɓa tarbo ta Emmett ba. Ko sau ɗaya. Kafin ya motsa ta riga ta iso hannunsa. Tawa ce take makara. Bai kai ƙiftawar ido ba, amma hannun mutum ya gaji da jira, shi ya sa yake miƙewa."

Na ajiye wayata a teburi.

"Koci ya ɗauka kamu ne," in ji shi. "Kamu ana gyarawa. Ya ce da ya bar ni na wannan shekarar a kan haka. Amma da ya ga gudun ƙwallon ne, ya dawo da bidiyon shekara uku baya, ya ga kowace shekara yana raguwa. Wannan kuwa ba a gyarawa."

"Kuma ka sani. Tun a kicin ɗin nan ka sani."

"Tun bara na sani."

"To don me ba ka gaya mini ba? Ka tsaya kana yi mini wa'azin mai riƙo da yatsa!"

"Dokar gaskiya ce," ya ce. "Kawai dai wannan karon ni take rufa wa asiri. Ke kuma kina durƙusa mini kina cewa talatin cikin talatin. Ban so ki daina faɗa ba."

Na nemi faɗan da zan yi, don faɗa ne abin da na iya, na rasa wanda zan yi da shi. Kunya ce ta rufe ni tun daga wuya har tafin ƙafa, irin wadda ban taɓa ji ba a aurenmu. Na zauna a kujerar da na ce ba zan zauna ba.

Harlan ya buɗe firiji ya ɗauko ruwa ya sha. Ba fushi a fuskarsa, kuma da ya yi fushin da na fi samun sauƙi. Ya sunkuya ya ɗauki ledarsa zai kai gareji, sai ya tsaya a ƙofa.

"Koci ya ce in gaishe ki," in ji shi. "Ya ce mataimaka biyu gare shi, sun yi wata guda suna kallon bidiyon nan ba su ga abin da kika gani ba."