Madarar Dada da Ƙwayar Safe

"Ba zan sha ba, Dada."

Kakata Batulu ta tsaya riƙe da ƙwaryar, madarar na tururi. "Sake faɗa, kunnena ya tsufa."

"Likita ya hana. Da ruwa kawai zan haɗiyi ƙwayar."

"Likitan shi ya raine ki? Karɓi ki sha, 'yar boko."

Na mayar da hannuwana baya.

Tun ina shekara huɗu a gidanmu na Roni, ban taɓa wayar gari babu wannan madarar ba. Dada kan tatso ta daga saniyarta bayan sallar asuba, ta dafa, ta zauna kusa da ni tana tsokanata wai ƙafafuna kamar sillen kara. Ni kuma in ce haƙoranta ba su kai na jariri yawa ba. Ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi.

Da na fara koyarwa a firamare sai barci ya sa ni gaba. Ina riƙe da alli gyangyaɗi zai kwashe ni. Ga jin sanyi ana tsakar zafi, ga kuka ba dalili. A Kazaure likita ya ce wata tsoka ce a wuyana, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo, ta yi sanyin aiki. Ya ba ni 'yar ƙwaya, ɗaya kullum da safe.

Dada ta shafa wuyana ta ce, "Ina maƙoƙon? Lalaci dai." Amma ta kafa doka: ba a shan magani ciki wayam, yana cin hanji. Wata biyar ina kora ƙwayar da madara, barcin na nan. Hedimasta ya ce in ya sake iske kaina a kan tebur, takarda zai rubuta. Da na koma Kazaure, likitan ya tambayi da me nake sha. Ya dafe kai. Madarar ce ke tare maganin, sai a ba su tazarar sa'o'i.

Na yi wa Dada bayani har sau uku. Na ce ta ajiye mini sai na taso daga makaranta.

"Madarar safe ta yini? Ni zan ba jikata saura?"

Kwana tara tana kawowa, kwana tara ina ƙi. Kawu Halliru ya zo daga Gwiwa ya ce in kurɓa ko sau ɗaya ne, tsohuwa ta ji daɗi. Na ce a'a, Kawu, in na kurɓa yau gobe ƙwarya ce cike. Na san ta. Kuma na san kaina, ba na yin abu rabi.

Ran na goma ba ta kawo ba. Da damina ta bi Kawu Gwiwa, ta tafi da saniyar.

Idona ya buɗe a hankali. Yanzu ina kai ƙarfe biyu a tsaye gaban allo, ɓacin ran ma sai jefi-jefi. Aikina yana hannuna.

Na je Gwiwa sau huɗu. Ta amsa gaisuwata da kyau, kamar yadda ake amsa wa baƙuwa, ba ta ƙara tsokanata ba. A haka ta rasu bara. Lafiyata na zaɓa, kuma ko yau ita zan zaɓa, amma shekara biyun ƙarshe na Dada na bayar.