Zaman Asabar a Aji Huɗu

Zaharaddeen ya shekara uku yana jan keke napep tsakanin Kawo da Unguwar Sarki, kuma mutum ne mai son sanin ƙwaƙwaf. In ya sauke fasinja a wurin da bai gane kansa ba, abin ya dinga cinsa ke nan har sai ya samu wanda zai tambaya.

To akwai wata dattijuwa, Baba Jummai, mai ƙuli-ƙuli a Rafin Guza, wadda duk Asabar bayan la'asar yake kai ta wata makarantar firamare a Badarawa. Ga shi Asabar ba a karatu. Kuma ba ita kaɗai ke shiga ba. Ya sha ganin wani mai kwat yana ajiye motarsa a gindin darbejiya, da wata yarinya da goyo, da wani magini da ƙurar siminti har gwiwa, duk suna nufar aji huɗu. Ya ce ko wa'azi ne, amma bai taɓa jin lasifika ba. Ya ce ko taron siyasa ne, amma ba a fitowa da hula ko atamfa. Da ya tambayi Baba Jummai sai ta yi dariya, ta ce hira kawai suke yi, shi dai ya kula da ramin da ke gabansa.

Wata Asabar sai ta manta jarkar zoɓonta a bayan keken. Har ya kai bakin titi ya gani, ya juyo da murnarsa, don ya samu dalilin leƙawa.

An jera bencin yara a zagaye, mutum kamar goma sha biyu suna zaune. Wani mutum mai farar jamfa da gyararren gemu ya taso ya tare shi a ƙofa. Zaharaddeen ya miƙa jarkar, sai kuma ya tsaya yana kallonsa. Ya san fuskar nan. Shekara biyu da suka wuce akwai wani mai tsummokara a tashar Kawo, yana ba motoci hannu da sanda, yana magana shi kaɗai, direbobi suna tsokanarsa da hon.

"Ka gane ni ko?" in ji mutumin. "Ni ne na Kawo. Sunana Ila."

Kunya ta kama Zaharaddeen, don shi ma ya taɓa danna masa hon. Amma bakinsa ya riga shi, ya tambaya yaya aka yi, kuma wane ne likitan a cikinsu.

Malam Ila ya ja shi gefen baranda ya yi masa bayani. Ya ce ƙanwarsa ce ta kai shi asibiti, ya yi wata biyu a kwance, har yau kuma yana shan magani. Sai dai da aka sallame shi, ko a majalisar unguwa in ya zauna sai a fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. A layin karɓar magani ya haɗu da Baba Jummai, wadda ta shekara ba ta fita ɗaki bayan rasuwar ɗanta. Su biyu suka fara zama, yanzu ga su nan. Babu likita a cikinsu, likita yana asibiti. Su dai suna tuna wa juna ranar ganinsa, suna raka mai jin tsoron zuwa, wanda ba a gani ba sati biyu a bi shi gida. Abin da aka faɗa a ajin kuma a nan yake tsayawa.

Zaharaddeen ya ce ko zai iya zama ya ji. Malam Ila ya ce ba shi ke da iko ba, sai ya tambayi jama'a. Ya shiga ya fito, ya ce Harira mai goyo tana da maganar da ba ta son yi gaban baƙo, ya bari sai wani satin.

Satin nan ya yi masa tsawo. Asabar na zuwa ya kulle kekensa, ya zauna a ƙarshen benci kusa da ƙofa. Ya yi zaton zai ji abubuwan ban mamaki, sai ya ji ana maganar maganin da ke sa barci da rana, da yadda mutum zai amsa wa surukarsa in ta ce aljanu ne. Har dariya aka yi. Sannan maginin nan, Nasiru, ya ce shi har yanzu in babura da yawa suka wuce tare, sai gumi ya karyo masa, ƙafafunsa su ƙi ɗaukarsa, ko da yana kan bene yana aiki. Ranar Laraba ma sai da ya zauna a kan bulo har abin ya sake shi.

Zaharaddeen ya ɗago kai ya dube shi. Tun ranar da mahara suka shiga ƙauyensu a Zamfara a kan babura, haka shi ma yake yi. Yakan faka keken a gefe, ya ce wa fasinjoji inji ne ya yi zafi. Bai taɓa gaya wa kowa ba, har matarsa, don ya ɗauka ragwanta ce.

"Malam Nasiru," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "wai wannan ma ciwo ne?"

Nasiru ya juyo ya dube shi, ya ce shi ma da bai sani ba, sai da aka gaya masa a asibiti, kuma akwai abin da ake yi a kai. Ba wanda ya matsa wa Zaharaddeen ya ƙara magana. Baba Jummai ta zuba masa zoɓo a kofi ta miƙo, aka wuce kan na gaba.

Ranar Talata da safe Malam Ila ya jira Zaharaddeen a mahadar Badarawa, suka tafi asibiti tare. Shi ya nuna masa inda ake yankar kati, ya zauna kusa da shi a layi har aka kira sunansa. Da ya fito, ya sauke Malam Ila a shagonsa na walda, ya wuce gida maimakon tasha. Ya tarar da matarsa Sumayya tana tankaɗe a tsakar gida, ya jawo kujera, ya ce ta ajiye rariyar, akwai maganar da ya daɗe bai gaya mata ba.